In Kwamfuta Ta Ce Ba Ta Ga Kundi Ba: Bayani A Kan Girka Manhaja Da Hannu

A yau da wuya mutum ya shiga wata babbar ma'aikata, a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, bai tarad da na'ura mai ƙwaƙwalwa bisa tebur ba, wadda wasu ke ce wa kwamfuta, wasu kuma ordinata. A cikinta ake lissafin albashi, a cikinta ake ajiye sunayen ƴan makaranta da takardun haihuwa da adadin buhunan da suka shiga mangaza. Amma na'urar ita kaɗai ƙarfe ce da roba. Ba ta san ƙidaya ba, ba ta san rubutu ba, sai an zuba mata umarni. Wannan jerin umarni shi ake kira manhaja, zuba shi cikin na'ura kuwa shi ne girkawa.

To, akwai wata rana da mai aiki da na'ura yakan gamu da ita ko ba jima ko ba daɗe. An sauko da manhaja daga intanet, ko kuwa wani abokin aiki ya kawo ta cikin ƴar kile ta USB, an girka, an danna, sai na'ura ta ƙi. Maimakon aiki sai ta fito da layi guda na rubutun Turawa ta tsaya. A nan ne mutane da yawa suke yanke cewa na'ura ta lalace, a ɗauke ta a kai wa mai gyara, shi kuwa wani lokaci abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya share komai ya sake sabon zubi. Ta haka aikin wata da watanni yakan salwanta saboda abin da bai kai ya kawo ba. Alhali kuwa wannan layin da na'ura ta rubuta ba kukan ciwo ba ne. Saƙo ne, kuma a cikinsa ta faɗi sunan abin da ta rasa ɓaro-ɓaro.

A na'urar da ke tafiya da tsarin Windows, saƙon yakan ce ba a ga wani abu mai suna kamar VCRUNTIME140.dll ba, in da Faransanci aka saita na'urar, za a ga kalmar introuvable, watau an nema an rasa. A na'urar da ke tafiya da tsarin Linux kuwa, ga irin abin da take rubutawa:

error while loading shared libraries: libssl.so.1.1: cannot open shared object file: No such file or directory

Fassararsa a taƙaice: na je ɗauko kundin tarayya mai suna libssl.so.1.1, ban same shi ba. Duk maganar yau a kan wannan kundi take.

Mene ne kundin tarayya?

Maɗinki ba ya noma auduga, ba ya saƙa yadi, ba ya ƙera allura. Yakan tarar da su an riga an yi, shi nasa yanka da ɗinki. Haka masu rubuta manhaja suke. Wanda zai rubuta manhajar lissafin albashi ba ya zama ya koya wa na'ura yadda ake zana baƙi a allo, ko yadda ake buɗe hoto, ko yadda ake kulle saƙo don kada ɓarawo ya karanta shi a hanya. Wasu gwanaye sun riga sun rubuta waɗannan, sun tattara kowane fanni cikin ƙunshi guda. Masu Ingilishi suna ce wa ƙunshin laburare, Faransawa kuma bibliyotek, amma kada sunan ya ruɗe mu, ba ɗakin karatu ake nufi ba. Mu a nan kundi za mu ce masa. Akwai kundin zlib na matse fayil ya ƙanƙance, akwai libpng na hotuna, akwai libssl na kulle saƙo, akwai kuma uban tafiyar, libc, wanda kusan kowace manhaja ta Linux ke jingine da shi.

Mai rubuta manhaja yana da zaɓi biyu. Ko dai ya kwafi kundin ya ɗinke shi cikin manhajarsa, ta zo da guzurinta, ko kuwa ya rubuta sunan kundin kawai, ya bar wa na'ura ta nemo shi ranar da aka tada manhajar. Hanya ta biyu ita ta fi yawa. Dabarar tsohuwa ce, tun cikin shekarun 1960 aka yi ta a wani tsari mai suna Multics a Amurka, zamanin da ma'ajiyar na'ura ke da tsada ƙwarai, ba a yarda a ajiye abu guda sau ɗari. A Windows irin wannan kundi sunansa yana ƙarewa da .dll, a Linux kuwa da .so, sau da yawa da lamba a bayansa.

Yau ma'ajiya ta yi araha, amma ba a bar dabarar ba, domin tana da wani amfani da ya fi tanadin wuri. Kundin tarayya kamar rijiyar gari yake: in aka yashe ta sau ɗaya, kowane gida ya sha ruwa mai kyau. An ga haka a watan Afrilu na 2014, lokacin da aka gano wata ɓaraka cikin kundin OpenSSL, aka sa mata suna Heartbleed. Ta wannan ɓaraka mutum daga nesa yana iya tsintar abin da ke cikin ƙwaƙwalwar na'urar wani, har da kalmomin sirri. Ma'aikatar karɓar lanho ta ƙasar Kanada ta sanar cewa ta nan aka sace lambobin shaidar mutane wajen 900. Waɗanda manhajojinsu ke ɗiba daga kundi guda na tarayya, kundin kaɗai suka sabunta, suka sake tada manhajojin, ƙofa ta rufu. Waɗanda kuwa kowace manhaja ta ɗinke nata kwafi a ciki, sai da suka bi su ɗaya bayan ɗaya, suna jiran kowane kamfani ya fitar da gyararsa.

Sai dai kowace riba da wahalarta. Manhajar da ba ta zo da guzuri ba, in ta sauka gidan da babu abin da take ci, ba za ta motsa ba.

Ta ƙofa ko ta katanga

Masu tsarin Linux sun daɗe da sanin wannan wahala. Shi dai Linux, wani ɗalibi ne na jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyarsa a 1991, aka haɗa da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya soma tarawa tun 1983. Kowa yana da izinin kwafa da gyarawa da rabawa, ba a biyan lasisi. A 1993 Ian Murdock ya kafa Debian, a 2004 kuma Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya fitar da Ubuntu bisa harsashin Debian ɗin. Ba abin wasan ɗalibai ba ne kawai: jandarmomin Faransa sun sanar tun 2008 cewa za su mayar da na'urorinsu kan Ubuntu, kuma sun mayar da dubbai.

Abin da su Debian suka yi shi ne gina babbar mangaza a intanet, inda aka tara manhajoji da kundaye, kowanne cikin ƙunshinsa, kowane ƙunshi da takardar da ta faɗi waɗanne ƙunsuna yake bukata. Debian ta 12, wadda ta fito a 2023, ta zo da ƙunshi fiye da dubu 60. Aka kuma yi wa mangazar magatakarda, wata manhaja mai suna apt. In ka ce mata ta girka abu, sai ta karanta takardarsa, ta ga yana bukatar kundi goma, goman nan kuma suna bukatar wasu ashirin, ta jawo su duka, ta duba hatimin kowanne don ta tabbata daga mangaza ya fito, sa'an nan ta rubuta cikin rajista inda ta ajiye kowane fayil. Wanda ya bi ta wannan ƙofa da wuya ya ga saƙon kundin da ya ɓace.

Girkawa da hannu ita ce shigo da kaya ba ta hannun magatakarda ba. Ba laifi ba ne, kuma wani lokaci ba makawa. Mai yiwuwa manhajar da ke tuƙa na'urar buga takardu tana shafin kamfanin da ya ƙera ta kaɗai. Mai yiwuwa wata ƙungiya ce ta rubuta manhajar musamman don wani aiki, ta raba wa ma'aikatu. Mai yiwuwa kuma buron ba shi da rezo mai ƙarfi, sai abin da aka kawo cikin kile. Amma wanda ya shigo da kaya da kansa, ya sani aikin magatakarda ya dawo wuyansa.

Kafin a taɓa komai, a dubi ƙarshen sunan abin da aka sauko da shi, domin shi ke faɗin irinsa. In ya ƙare da .deb, ƙunshi ne irin na Debian da Ubuntu, yana ɗauke da takardarsa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a girka shi da umarnin dpkg -i, wanda ke kwance ƙunshi amma ba ya zuwa mangaza neman abin da ya rage. Gara a buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, wanda ake kira taminal, a shiga inda fayil ɗin yake, a rubuta:

sudo apt install ./sunan-fayil.deb

Ɗigo da karkatacciyar sandar da ke gaban sunan ba ado ba ne, su ke gaya wa apt cewa kayan yana nan gida, ba a mangaza ba. Kalmar sudo kuwa neman izinin mai gida ce, shi ya sa na'ura ke tambayar kalmar sirri. In an riga an yi da dpkg aiki ya tsaya rabi, umarnin sudo apt --fix-broken install yakan ƙarasa shi. Ƙunshin da ya ƙare da .rpm na dangin Fedora da Red Hat ne, ba na gidan Ubuntu ba. A koma shafin a nemi wanda ya dace.

In sunan ya ƙare da .tar.gz, to ɗauri ne kawai aka matse, babu takardar bukatu, babu rajista. Kalmar tar ɗin ma tsohuwa ce, tun 1979, zamanin da ake adana aiki bisa zaren kaset. Ana kwance shi da tar -xzf da sunan fayil. A ciki, abu na farko da za a nema shi ne fayil mai suna README ko INSTALL. Wanda ya rubuta manhajar yakan jera kundayen da ake bukata a nan, kuma abin mamaki, shi ne fayil ɗin da aka fi tsallakewa.

Wani ɗaurin manhaja ce dafaffiya, sai tadawa. Wani kuwa ɗanyen rubutu ne irin wanda ɗan Adam ke karantawa, sai an juya shi zuwa harshen na'ura. Juyawar mataki uku ce bisa al'ada: ./configure, sa'an nan make, sa'an nan sudo make install. Na farko yana zagaya na'ura ya ga ko kayan aiki sun cika, na biyu ya yi juyin, na uku ya kai kowane abu mazauninsa. A nan akwai wani tarko da ke kama har waɗanda suka ɗan goge. Sai configure ya tsaya ya ce bai ga zlib ba, mutum ya duba ya ga zlib na nan daram cikin na'ura, ya rasa ta cewa. Dalili kuwa shi ne Debian da Ubuntu sun raba kowane kundi biyu: rabin da ake bukata don manhaja ta yi aiki, da rabin da ake bukata don a gina ta. Rabi na biyu sunansa yana ƙarewa da -dev, kuma ba ya zuwa da kansa. Don zlib, sunan ƙunshin zlib1g-dev. Kayan juyin su kansu suna cikin ƙunshi mai suna build-essential.

Bin sawun abin da ya ɓace

Yanzu mu koma ga saƙon nan na farko. Duk sa'ad da aka tada manhaja a Linux, akwai wani ɗan aike da ke riga ta tashi, aikinsa ya karanta sunayen kundayen da take so ya ɗauko su. Ba ya yawon duniya. Yana da jerin wuraren da yake dubawa da wani ɗan littafi da aka rubuta masa inda kowane kundi yake. In ya duba bai gani ba, sai ya tsaya a kan na farko da ya rasa ya yi ƙara. Shi ya sa wani zai kawo kundi ɗaya, ya sake tadawa, a ce masa saura wani, ya kawo, a ce saura wani, har ransa ya ɓaci. Maganin wannan shi ne a tambayi jerin gaba ɗaya da umarnin ldd, a bi shi da sunan manhajar. Zai jero kundayen duka, kowanne da mazauninsa, waɗanda babu kuwa ya rubuta not found a gabansu. Gargaɗi guda: littafin bayanin ldd da kansa ya hana a yi amfani da shi a kan manhajar da ba a amince da asalinta ba, domin a wani hali yana iya tada ta. Amma dai abin da ba a amince da asalinsa ba, me ya kawo shi na'urar ma'aikata tun farko?

An san sunan kundi, saura sunan ƙunshin da ke ɗauke da shi, domin sunayen biyu ba kullum suke daidai ba. A girka apt-file, a ce masa sudo apt-file update, sa'an nan apt-file search da sunan kundin. Wanda ya fi son shafin intanet, packages.ubuntu.com da packages.debian.org suna yin wannan bincike. In an samu, a girka da apt, magana ta ƙare. Rabin matsalolin da ake kai wa masu gyara ba su wuce nan ba, in ji mai wannan rubutu, ko da yake ba ƙidaya ya yi ba.

Wani lokaci kundin yana cikin na'ura, ɗan aike ne bai san da shi ba. Haka takan faru bayan make install, wanda ke ajiye kundaye a /usr/local/lib ba tare da ya sabunta ɗan littafin nan ba. Umarnin sudo ldconfig shi ke sake rubuta littafin. In kuwa a wani lungu dabam aka ajiye kundin, sai a rubuta adireshin lungun cikin wani ƙaramin fayil a /etc/ld.so.conf.d, a sake kiran ldconfig.

Akwai kuma wanda ya fi duka ruɗarwa. Manhaja tana nan, ido yana ganinta, a tada ta, na'ura ta ce babu wannan fayil. Ba ƙarya take ba: manhajar tsohuwa ce ta zamanin bit 32, na'urar kuwa ta bit 64 ce, ɗan aiken da ya san harshen tsohuwar shi ne babu. Umarnin file da sunan manhajar zai faɗi ko wace iri ce. In ta 32 ce, a rubuta sudo dpkg --add-architecture i386, a bi da sudo apt update, sa'an nan a girka kundayen da aka rasa ana liƙa :i386 a ƙarshen sunansu, a fara da libc6:i386.

Lambar da ke bayan suna

Inda hankali ya fi kamata ya tsaya shi ne lambar nan ta ƙarshe. Mu ɗauki misalin da muka fara da shi, domin ya faru da mutane masu yawa. Lambar Ubuntu shekara ce da wata: 20.04 ta fito a Afrilun 2020, 22.04 a Afrilun 2022. Ta 2020 tana ɗauke da libssl.so.1.1. A watan Satumba na 2021 masu OpenSSL suka fitar da zubi na 3, sai Ubuntu 22.04 ta zo da libssl.so.3, ta bar tsohon. Duk manhajar da aka gina don tsohon kundi, aka kuma girka ta da hannu, ranar da aka sabunta na'ura sai ta ƙi tashi. A nemi libssl.so.1.1 a mangazar 22.04, babu.

A nan ne shawarwari marasa kyau suke yawa, kuma biyu sun fi yawo. Ta farko, a ce ai ga libssl.so.3 nan, a yi masa laƙabi da sunan tsohon, ɗan aike ya ɗauka shi ne. Da umarni guda ake yi, shi ya sa take da farin jini. Amma lambar nan ba don ƙawa aka sa ta ba. Masu kundi ba sa canza ta sai sun canza yadda ake magana da kundin, sun cire wasu ƙofofi, sun sake fasalin wasu. Duk makanike ya san cewa in aka goge lambar da ke jikin kayan gyaran wata mota aka rubuta ta wata, ramukan kusoshi ba za su matsa su daidaita ba. In an yi sa'a, manhajar za ta faɗi nan take ta ce ba ta ga wata alama ba, kowa ya san ba a gyaru ba. In ba a yi sa'a ba, da wani kundin, sai ta tashi kamar lafiya, ta yi kwanaki tana aiki, ta faɗi ranar da ake tsakiyar lissafin ƙarshen wata.

Shawara ta biyu ita ce a je mangazar tsohuwar Ubuntu a ɗauko tsohon ƙunshin a cusa cikin sabuwa. Wannan takan yi aiki, gaskiya ce, kuma kundayen biyu suna iya zama tare tunda sunansu ya bambanta. Sai dai a san abin da aka saya. Masu OpenSSL sun daina gyara zubin 1.1.1 kyauta tun 11 ga Satumba 2023, kuma magatakardan sabuwar na'ura ba zai kawo wa baƙon kundi wata gyara ba, tunda ba daga mangazarsa ya fito ba. Watau an sa wa ƙofa kwaɗon da maƙerinsa ya ce ya bar kula da shi. Ga kundin zana hoto a na'urar da ba ta taɓa shiga intanet, ana iya haƙuri da haka na ɗan lokaci. Ga kundin da ke kulle saƙo, a na'urar da ke riƙe da sunayen jama'a da kuɗinsu, bai kamata darakta ya sa hannu ba. Hanya madaidaiciya ita ce a koma wurin mai manhajar a nemi sabon zubin da aka gina don sabon kundi, ko kuwa, in ɗanyen rubutun yana hannu kuma an gyara shi, a sake juya shi a kan na'urar.

Akwai kishiyar wannan, inda manhaja ce ta fi na'ura sabunta. Saƙon yakan ce version GLIBC_2.34 not found. Ubuntu 20.04 tana da libc mai lamba 2.31, ta 22.04 kuwa 2.35. Kada wani ya ce zai ɗauko sabon libc ya ɗora bisa tsohon da hannu. Kusan kowane umarni na na'ura a kansa yake tsaye, har da waɗanda za a bukata don a warware ɓarnar. In ya karkace, na'ura ba za ta ko tashi ba. Ko dai a sabunta tsarin gaba ɗaya, bayan an kwafe aiki an ajiye gefe, ko a nemi tsohon zubin manhajar.

Kada kuma a ɗauka mangaza tsarkakakkiya ce ba a iya kutsa mata. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata na'urarsa daga nesa ta ƙara jinkirin kamar rabin daƙiƙa. Ya bi sawu, ya tarar an dasa ƙofar ɓoye cikin kundin xz, zubi na 5.6.0 da 5.6.1, kuma wanda ya dasa ya shafe shekara biyu da wani abu yana taimakon aikin har aka amince da shi. An kama abin tun yana rumbunan gwaji, bai kai ga tabbatattun zubin Debian da Ubuntu ba. In har wurin da idanu suka yi yawa an kusa shammatar mutane, ina ga shafin da babu wanda ya san mai shi?

Na masu Windows

Wannan tambaya ta fi shafar masu Windows, domin su aka fi ɗana wa tarko. Mutum ya rubuta sunan .dll ɗin da ya ɓace cikin injin bincike, sai ga shafuka birjik, kowanne yana cewa sauko da shi nan kyauta. Kundi kuwa umarni ne da na'ura za ta bi ido rufe, da duk ikon da manhajar da ta kira shi take da shi. Wanda ya karɓo shi hannun baƙo ya ba baƙon makullin buro.

Alhali yawancin waɗannan sunaye an san gidansu. VCRUNTIME140.dll da MSVCP140.dll suna cikin ƙunshin kamfanin Microsoft mai suna Visual C++ Redistributable, na zubin 2015 da na bayansa, kuma kyauta ne a shafin kamfanin. MSVCR120.dll na zubin 2013 ne, MSVCR100.dll na 2010. Sabon ba ya maye gurbin waɗannan, kowanne da nasa. Kowane ƙunshi yana da x86 na bit 32 da x64 na bit 64, kuma abin dubawa shi ne irin manhajar, ba irin na'urar ba. Ba laifi a girka duka biyun. Masu jefa .dll da hannu kuwa sukan faɗa wani rami: a Windows mai bit 64, jakar da ake kira System32 ita ke riƙe da kundayen 64, wadda ake kira SysWOW64 kuma na 32. Sunayen kamar da gangan aka juya su. In aka saka na wannan a gidan wancan, sai saƙo ya canza ya koma lamba 0xc000007b, wadda ba ta faɗin sunan komai, mutum ya fi da nisa da gyara.

Inda rezo ba ya kaiwa

Duk abin da aka faɗa a kan apt yana bukatar intanet, ga shi kuwa akwai ma'aikatun da rezo ke zuwa yana ɗaukewa. Ɗauko ƙunshi guda cikin kile daga birni ba ya isa, domin sai an koma gida zai ce yana bukatar wasu biyar. Dabarar ita ce a sami na'ura a wurin da ke da rezo wadda zubinta ya yi daidai da ta gida, lamba da lamba, wadda kuma ba a riga an girka mata abin ba. A ce mata sudo apt-get install --download-only da sunan manhajar. Za ta jawo ƙunshin da duk danginsa ta tara a /var/cache/apt/archives ba tare da ta girka ba. A kwashe su cikin kile, a je gida, a shiga jakar a rubuta sudo apt install ./*.deb. Akwai ma wata manhaja mai suna apt-offline da aka yi musamman don wannan jigila: na'urar gida ta rubuta takardar abin da take so, a kai takardar birni, a dawo da kaya.

Wasu masu manhaja sun koma ba ta guzurinta. Irin su AppImage da Flatpak da Snap ke nan, inda manhaja ke tafe da yawancin kundayenta. AppImage fayil guda ne, ya dace da kile ƙwarai. A ba shi izinin tashi da chmod +x, a danna. Kuɗin wannan sauƙi shi ne nauyi, da kuma cewa yasar rijiyar gari ba ta shafi randar da ke ɗakinsa ba. Abin dariya kuma, shi kansa mai guzurin yakan tsaya a Ubuntu 22.04 ya ce bai ga libfuse.so.2 ba, sai an girka masa ƙunshin libfuse2, wanda a 24.04 sunansa ya koma libfuse2t64.

Saura abu guda da ya rataya a wuyan shugabannin ma'aikatu, ba masu gyara kaɗai ba. Abin da apt ta girka yana cikin rajistarta, tana iya sabunta shi, tana iya cire shi tsaf. Abin da aka girka da make install ko aka kwance daga ɗauri, babu inda aka rubuta shi. Wanda ya girka ana iya yi masa canjin wurin aiki daga Tawa zuwa Difa, wanda ya gaje shi ya tarar da na'ura cike da baƙin da bai san ranar zuwansu ba. Saboda haka ya kamata kowace na'ura ta ma'aikata ta sami ɗan littafi na takarda a aljihun tebur, kamar yadda motar gwamnati ke da nata. A rubuta kwanan wata, da sunan manhaja da lambar zubinta, da shafin da aka sauko da ita, da kundayen da aka ƙara dominta, da sunan wanda ya yi aikin. In mai manhajar ya buga lambar tantancewa ta SHA256 a shafinsa, a gwada ta da umarnin sha256sum kafin a girka, a rubuta cewa ta yi daidai. Jakar da aka yi juyi a cikinta kuma kada a share ta, domin a mafi yawan lokaci daga cikinta ne kaɗai ake iya cewa sudo make uninstall ranar da ake son fitar da manhajar.